Goggo da Tsohuwar Taguwata

Goggo ta koma ga Mahaliccinta ranar Laraba da hantsi, mu da muka rage kuma can muka dosa. Yayar mahaifina ce, ita ce ta ƙarshe cikin waɗanda suka ga ranar da kakanmu ya sauke jakunansa a Garwa ya ce tafiya ta ishe shi. Kafin azahar mun kai ta makwancinta, muka dawo muka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida.

Mutane sun zo, ba laifi. Tsofaffin abokan fataucina suka zo daga Rumde, suka yi addu'a, suka ci goro, suka koma hirar kasuwa kamar yadda aka saba. Ran sadakar bakwai wani tsohon Bafillace ya taso tun daga Collire, ya zauna ya ce, "Allah yaafo mo, Allah ya yafe mata. Ita ta warkar mini da mikin bayan goɗiyata, tun ina da haƙora." Tsofaffin matan unguwa kuwa abin da suka tuna bakinta ne. Wata ta ce Goggo ta taɓa yi mata faɗa tun daga bakin rijiya har ƙofar ɗakinta, washegari kuma ta aiko mata da man gyaɗa saboda ta ji tana tari.

Duk wannan ya yi mini daɗi. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne maganar da na jiyo ta bayan zana, daga bakin matar ɗana, yarinyar kirki wadda ta yi wa Goggo hidima ba ƙyashi. Cewa ta yi, "Allah ya hutar da ita. Ni tun da na zo gidan nan ban taɓa ganin mai tsoro irin Goggo ba. Ko murfin tukunya ya faɗi sai ta maƙale a bango."

Ba ƙarya ta yi ba. Shekarun ƙarshe Goggo ta makance, hankalinta yana zuwa yana komawa, kowane motsi firgita ta yake yi. Yaran gidan nan wannan tsohuwar suka sani. To ni ban yarda a rufe ta da wannan suna ba, domin in akwai matsoraci a gidanmu ni ne, ita ce kuma ta raba ni da sunan. Shi ya sa na zauna rubuta wannan.

Abin ya faru zamanin Jamus, lokacin da barikinsu ke can saman tudu, jirgin Turawa kuma yana hawowa Binuwai duk damina in ruwa ya cika. Gidanmu gidan fatake ne. Baba da ƙanensa Baffa sukan ɗauki kanwa da tufafi su haye kogi su nufi kudu, Ngaundere har gaba, su komo da goro da danƙo. Namijin da ya tasa a gidanmu ba a tambayarsa sana'ar da yake so, hanya ce kawai.

Ni kuwa ina tsoron doki. Ba irin tsoron nan na yara da ake dariya ya wuce ba. Ina ƙarami, wani baƙo ya ɗaure ingarmansa a ƙofar zaurenmu, Yayana ya bi ta bayansa da gudu zai ɗauko langa, ɗan kwanon da muke wasa da shi, dokin ya sakar masa ƙafa a ƙirji. Ina tsaye ina gani. Kwana uku ya yi yana numfashi da ƙyar, ran na huɗu aka fita da shi. Tun daga nan in na hango doki a bakin hanya sai in canza lungu, ko da zagayen zai kai ni bayan gari. Na yi gemu-gemu ina haka. A unguwa ba a kirana da sunana, Matsoraci ake cewa, har na fara amsawa.

Farkon wata damina Baba ya dawo daga kasuwa janye da ɗan kuru, irin gajerun dawakin nan na mutanen bakin kogin Logon. Ja ne, gezarsa a tsaye, tsawonsa bai wuce ƙirjina ba. Maƙwabtanmu Fulani suka leƙo suna dariya, suna tambaya ko akuya ce ta yi ƙiba. Baba bai kula su ba, ya san abin da ya saya. Manyan dawaki ba sa jure ƙudan tsandon hanyar kudu, su kuwa waɗannan gajerun sai su je su dawo lafiya lau. Matsalar ɗaya ce, dukushi ne, ba a taɓa ɗora masa kaya ba, kuma jininsa a kan akaifa yake. Kafin a ɗaure shi a turke ya fasa randa biyu ya ciji mai kawo ciyawa. Goggo ta dube shi ta ce, "Wannan ai barkono ne." Sunan ya bi shi.

Da yamma Baba ya kira ni zaure. Mutum ne marar yawan magana, abin da ya sa kowace kalmarsa take da nauyi. Ya ce, "In ruwa ya janye bana ayari zai tashi. Kai za ka ja kurun nan ka haye da shi. In ba za ka iya ba, ɗan Baffanka ya karɓi ragama, kai kuma ka zauna gida kana tsaron zaure da tsofaffi. Ba zan sake yi maka maganar hanya ba."

Na ce to. Na fita na zaga bayan rumbu na zauna. A nan Goggo ta same ni, ta zo ɗiban gyaɗa.

Bari in faɗi yadda take a lokacin. Mijinta ya rasu, ba ta haihu ba, ta dawo gidan ƙannenta ta kama ɗakin da ke kusa da turke, ta ce ita ta gama aure. Siririya ce, doguwa, bakinta kullum ja da goro da fure. Sana'arta man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, in ta huta kuma kaɗi. Kakanmu kafin ya koma fatauci dillalin dawaki ne, ita ce babbar 'yarsa, ita ke jiƙa musu dusa tun ba ta iya ɗaura zane ba. Ta san doki fiye da mazan gidan, su ma sun san haka, sai dai ba wanda ya taɓa faɗa da baki. Baffa da furfurarsa Auta take kiransa a gaban kowa.

Ta dube ni a bayan rumbun nan, ba ta ce sannu ba. Ta ce, "Gobe da hantsi ka zo da rama. Kuma taguwar nan ta jikinka kada ka kuskura ka wanke ta."

Na zaci za ta koya mini hawa ko riƙon ragama. Da na zo sai ta auna tsawon igiyar Barkono da idonta, ta ja layi a ƙasa da ɗan yatsan ƙafa inda bakinsa ba zai kai ba, ta ce in zauna a nan. Ba fuskantarsa zan yi ba, gefe zan ba shi. Ta miƙo mini ramar ta ce, "Tufka."

Na ce, "Goggo, igiyar me za a yi?"

Ta ce, "Igiyar zama. In hannunka yana aiki ba zai sami sukunin rawa ba. Kuma kada ka dube shi, shi ma kunya yake ji."

Ita ta zauna gefena da mazarinta tana kaɗi, tana ba kurun labarin unguwa da murya ƙasa-ƙasa. Wance ta sa gishiri sau biyu a miya, mijin wance ya sayi rawani ya fi ƙarfin kansa, liman ya yi gyangyaɗi a wajen ɗaurin aure. Ba wanda ta bari. Barkono yana huci yana zagaye turke yana turbuɗa ƙasa, ni kuma duk lokacin da kofatonsa ya bugi ƙasa sai zuciyata ta buga tare da shi. Igiyar da na tufka ranar ko kaza ba za ta ɗaure ba. Goggo ta ja ta ta tsinke, ta ce gobe ma rana ce.

Haka muka yi kwana da kwanaki. Da tsakar rana takan sa in tuɓe taguwar in rataya a kan turke, in koma ɗaki. Ta ce doki ba fuska yake riƙewa ba kamar mu, wari yake riƙewa da murya da irin takun mutum. In ya san warinka alhali ba ka cikin rigar, ran da ka zo a cikinta ba baƙo ba ne kai. Ran farko ya yayyage mata hannu ɗaya. Bayan mako guda na leƙo na gan shi tsaye ya jingina hanci a jikinta yana lumshe ido.

Wata rana Goggo ta ce bakinta ya gaji, ni ma in yi masa hira. Na ce ban san abin da zan ce wa doki ba. Ta ce, "Faɗa masa abin da ba ka faɗa wa mutane." Ta tashi ta tafi duba suyar gyaɗarta. Na sunkuya kan ramata. Can sai na ji bakina yana ba shi labarin Yaya, yadda yake goya ni zuwa bakin kogi, yadda ya iya feɗuwa da yatsu biyu, da yadda ranar nan ni ne na jefa langar ta faɗa bayan dokin baƙo. Wannan ban taɓa gaya wa kowa ba, ko Inna. Ina magana hawaye suna zuba a kan ramar. Ban ankara ba sai na ji iska mai ɗumi a ƙeyata. Ashe Goggo ta saki igiyarsa ta ƙara tsawo kafin ta tafi, ban sani ba. Na sandare. Ya shinshina wuyana, ya shinshina kafaɗata, ya ɗan ja taguwar da leɓe, sannan ya koma ga harawarsa. Kwana tara ke nan da fara zamanmu.

Na tabbata ta ji abin da na faɗa, don murhunta ba nisa. Har ta bar duniya ba ta taɓa tayar mini da maganar ba, ba ta kuma kai ta kunnen kowa ba. Matar da ba ta iya ganin ɗankwalin maƙwabciya a karkace ta yi shiru, ta riƙe wannan shekara arba'in.

Daga nan aka shiga taɓawa. Ta hana ni kai hannu fuskarsa, ta ce daga kafaɗa ake sallama. Ta koya mini in tsaya dab da shi, jikina yana gogar nasa. Ni da nake ganin nisa shi ne tsira, sai ta ce, "Wanda ya tsaya nesa-nesa shi ƙafa ke samu da ƙarfinta. Na kusa ture shi kawai ake yi. In za ka bi ta bayansa, ɗora hannu a kansa ka tafi da shi, ya san inda kake." Na tuna Yaya. Ta dube ni, sannan ta ce cikin Fulatancin da take jefawa in tana lallashi, "Seɗɗa seɗɗa, a hankali, ɗan nan."

Na taɓa tambayarta yadda aka yi ita ba ta tsoro. Ta tofar da goro ta ce, "Wa ya gaya maka? Kullum na zo kusa da shi sai na ɗan ji tsoro. Dabba ce mai ƙarfin mutum biyar, mahaukaci ne kawai ba ya tsoronta. Ni dai ba na bari tsoron ya riƙe ragama, a baya nake sa shi ya biyo mu."

Rigimarta da Baffa ta zo ne ƙarshen damina. Na fara jan Barkono zuwa bakin kogi shan ruwa, ina jin kaina wani ne. Ran nan muna gangarawa jirgin Turawa ya yi kuwwa zai tashi. Kurun ya zabura, ni kuma na yi abin da aka hana ni, na naɗe igiyar a hannu na ja da ƙarfi. Ya ja ni a ƙasa har cikin gonar wani, gwiwoyina suka saɓule, yara suna bina suna waƙar Matsoraci. Da muka dawo gida Baffa ya fito da bulalar fatar dorina da wani linzami mai nauyi irin na manyan dawaki. Ya ce wasan mata ya isa, kwana biyu zai yi ya karya kurun nan ya miƙa wa ɗansa.

Goggo tana gaban murhu tana suya. Ta ce, "Auta, miƙo in gani." Ya miƙa mata bulalar, yana zaton yabawa za ta yi. Ta juya ta, ta duba, ta tura ta ƙarƙashin kasko. Warin ƙonanniyar fata ya cika gidan.

Baffa ya ce, "Yaya, bulalata ce fa."

Ta ce, "Na sani. Dokin da ka daka da ita bara yana ina? Ya kai ka Ngaundere, ko kai ka dawo da sirdi a ka? Jirgi ya tsorata shi, kai kuma za ka ƙara masa da duka, don ya gane cewa duk inda ya juya abin tsoro ne. In ka taɓa kurun nan, ni da kai ne."

Wata guda ba su gaisa ba. Sai dai kullum da safe ƙuli-ƙulinsa yana isa ɗakinsa, shi kuma yana ci. Ni kuwa ta wanke mini gwiwa da ruwan zafi ba tausayi, ta ce laifina ne, igiya ba a naɗe ta a hannu, kuma wanda ya ja doki da ƙarfi ya gayyace shi kokawa ne. Washegari ta mai da ni kan layin farko da ramata, kamar ba mu taɓa yin komai ba. Na ji haushinta ranar, har na ƙi cin tuwonta.

Kafin kaka ta wuce Barkono ya karɓi kaya. Muka fara da buhun wofi, muka koma na ƙaiƙayi, har aka kai ga kanwa. Ruwa ma haka, yau kofato, gobe gwiwa, jibi ciki. Taguwata kuwa ta zama abin da Inna ba ta son gani. Hannu ɗaya babu, ta yi baƙi ƙirin da gumi da dusa, in na shigo ɗaki sai ta toshe hanci.

A gidajen fatake akwai al'ada, ɗa in zai yi tafiyarsa ta fari sai an yi masa sabuwar riga, don mutanen garuruwa su san daga gida ya fito. Inna ta daɗe tana shirin wannan a ɓoye. Ta sa aka rina mini kore, babbar rigar nan ta shuni, aka buga ta har tana ƙyalli, ta kwana biyu a kan turaren wuta. Ɗanta ɗaya da ya rage zai fita, unguwa kuma ta daɗe tana yi mata dariya a kaina. Ba ta yi don ta cuce ni ba, ni ma da na karɓa ban ga komai ba sai daɗi.

Ran tashi da sassafe na kai Barkono mashigi, na ɗaure shi, aka ɗora masa kanwa, yana tsaye lafiya lau. Na koma gida na yi wanka, na jefar da taguwar a bayan ɗaki, na zura kore. Na durƙusa Inna ta sa mini albarka. Na gangaro bakin kogi rigar tana ƙara, ƙamshi yana gabana, ina satar kallon masu kallona. Mashigin ya cika, ga jakuna, ga 'yan rakiya, ga mata masu wanki, har da wani Bajamushe a kan alfadari yana jira ayari ya wuce ya haye.

Saura taku biyar tsakanina da Barkono ya ɗaga kai ya kwantar da kunnuwa. Na kira sunansa, na miƙa hannu, faffaɗan hannun rigar ya buɗe a gaban idonsa. Sai ya miƙe a kan ƙafafun baya. Ya tuma gefe, kayan suka karkace, buhu ɗaya ya faɗi dab da ruwa, kanwa kuwa in ta shiga ruwa sai labari. Na ja da baya, na ja da baya, har na ji ƙafata a cikin kogi. Duk abin da na koya wata biyar ya bar kaina, ba abin da nake gani sai ƙirjin Yaya. Wani ya yi dariya, wasu suka taya shi.

Baba bai ɗaga murya ba. Ya juya wajen ɗan Baffa ya ce, "Je ka kama ragamar."

Sai ga Goggo ta ratso mutane, ba ta ko sauri. Ta ce wa Baba, "Maigida, ka ba shi gwargwadon tafasar tukunya. In bai yi ba ni da kaina zan mai da shi gida." Ba ta jira amsa ba ta zo gabana, ta zaro wani abu daga cikin zanenta. Taguwata ce, ta tsinto ta a bayan ɗaki.

Ta ce, "Tuɓe."

Na ce, "Goggo, a gaban mutane?"

Ta ce, "Mutane ne za su kai ka Ngaundere? Bai san wannan mai ƙamshin ba. Abokinsa yake nema, ka ɓoye masa shi."

Na tuɓe koren da Inna ta yi wata da watanni tana tanadi, a gaban 'yan matan unguwarmu da Bature da alfadarinsa. Goggo ta ɗebi laka ta goge mini wuya da hannuwa don ta kashe turaren, ta zura mini tsummata, ta danƙa mini 'yar rama. Na gane abin da take nufi, na kuma ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na je inda igiyarsa ba ta kai ba, na ba shi gefe, na zauna a kan yashi na fara tufka, ayari guda yana tsaye yana kallona. Da farko yatsuna sun ƙi. Na fara yi masa magana ƙasa-ƙasa, na ce masa ni ne, na ce masa ni ma na tsorata, na ba shi labarin rawanin mijin wance tun da shi ya zo bakina. Dariyar mutane ta yi ta raguwa har na daina jinta. Hucinsa ya lafa. Na matsa kaɗan ban dube shi ba. Can sai iskar nan mai ɗumi ta sauka a ƙeyata.

Na tashi na fara daga kafaɗa, na gyara kayan, Baffa da kansa ya taya ni ɗaga buhun da ya faɗi. Baba ya dube ni, ya dubi ɗan Baffa, ya ce, "Bar masa." Muka shiga ruwa, ni da Barkono muna gaba. Da muka taka yashin ƙetare na waiwayo, na hango Goggo ta naɗe koren ta ɗora a ka kamar ƙullin wanki, ta juya ta nufi gida, ko hannu ba ta ɗaga mini ba. Shekara ashirin da wani abu na yi ina bin hanyar nan, goma sha ɗaya daga ciki tare da Barkono. Jamus suka tafi, Faransa suka zo, sunan Matsoraci ya mutu a bakin kowa, ban da bakin Goggo.

Yanzu ga abin da nake jin kunyar rubutawa. Da idonta ya tafi, tsoro ya kama ta, ni ma ban yi mata abin kirki ba da farko. Na zama maigida, mai manyan riguna. Nakan dawo daga kasuwa ko masallacin Juma'a in faɗa ɗakinta da ƙarfi, riga tana ƙara, turare yana tashi, in ce, "Goggo, ni ne," in cafko hannunta. Sai ta fizge ta maƙure a bango tana kiran sunan kakanmu. Na ce wa kaina ta manta da ni, tsufa ne, na rage shiga. Kusan shekara guda ina gaishe ta daga bakin ƙofa kamar baƙo, abin yana cina a rai.

Wata la'asar na tsaya a ƙofar, na ga ta ɗaga kai ta juya fuska gefe, hancinta yana motsi, duk jikinta a ɗaure. Na san wannan tsayuwar. Na koma ɗakina na tuɓe babbar riga, na sa tsohuwar taguwar da nake zuwa gona da ita, na nemo rama. Na zauna a bakin ƙofarta daga ciki, inda hannunta ba zai kai ba, na ba ta gefe. Na fara tufka, ina ba ta labarin unguwa ƙasa-ƙasa, wanda ya sayi keke ya faɗa kwata da shi, wadda ta sa gishiri sau biyu a miya. Ita dai tana maƙure a bango. Washegari na dawo, na sake dawowa. Jikokina suna leƙe suna cewa Kaka ya fara taɓuwa.

Ran na huɗu ina cikin magana na ji tabarma ta motsa. Ban waiwaya ba. Hannu ya sauka a kafaɗata, ba nauyi, ya bi ta damtsena har ya sami igiyar. Ta shafa ta, ta ɗan ja.

Ta ce, "Har yanzu tufkarka sako-sako ce, Matsoraci."

Na ƙara murɗa igiyar. Na ce, "Goggo, kin fi Barkono sauƙi. Shi kwana tara ya yi, ke huɗu."

Ta ce, "Shi ai ba ɗansa ne ya zauna ba." Sannan ta ce, "Ka daɗe ba ka zo ba."

Daga ranar kullum la'asar ina wurin, wata bakwai. Wani lokaci ta san ni, wani lokaci sai mun sake daga farko, ni kuma ban ƙara jin haushin komawa kan layi ba. Tsoron bai bar ta ba, ba zan yi ƙarya ba, amma in hannunta yana kafaɗata murfin tukunya yakan faɗi ba ta motsa ba. Jiya na kira matar ɗana na ba ta wannan labari tun daga kuru har mashigi, ta yi ta kuka, ta ce da ta sani da ita ma ta zauna. Na ce mata ni da aka koya wa ma sai da na shekara kafin in tuna.

Igiyar da na tufka a ɗakinta ta taru da yawa, ba wanda ya san amfaninta. Ranar Laraba da aka zo haɗa makara aka nemi abin ɗauri aka rasa, sai na shiga na ɗauko. Da ita muka ɗaure, muka ɗauki Goggo har makwancinta, igiyar ba ta tsinke ba. Allah ya jiƙan Goggo, ya yafe mata kaifin bakinta, ya sa inda ta je a tarbe ta a hankali, kada a firgita ta.